Masu magana a cikin kai: a kore su ko a saurare su?

Yayar Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman wanda ya san abin nan ya ƙara mani haske, don gidanmu an rabu biyu a kansa. Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun tana firamare sai ta yi magana ko ta yi aiki, anjima a tambaye ta, ta rantse da Allah ba ita ba ce. Ta taɓa tsintar kanta a tsohuwar kasuwa da leda a hannu, ba ta san yadda ta je ba, ba ta san me ta saya ba. Wani lokaci muryarta ta koma ta ƙaramar yarinya ta laɓe bayan ƙofa, wani lokaci ta yi tsawar da ko namiji sai ya ja da baya. An yi rukiyya, an yi hayaƙi, an sha rubutu. Daga baya likitan ƙwaƙwalwa ya daɗe yana bincikenta, ya ce larura ce da suke kira DID, rarrabuwar kai, kuma duk waɗannan da muke gani ɓangarorin ita kanta ne. Abin da ya tayar da ƙura shi ne ya ce ta sayi littafi, duk ɓangaren da ya fito ya rubuta abin da ke ransa, sauran su karanta su ba da amsa. Inna ta ce ana koya mata hira da mutanen ɓoye. Kawu ya ce a ƙone littafin. Ni kuwa ina ganin kamar ta ɗan samu natsuwa tun da ta fara. Me zai sa likita ya ce a yi magana da su maimakon a raba ta da su?

Hajiya Ƙofar Atiku:
Wa alaikumus salam. Ɗiyata, ki bi maganar Innarki. Wanga abu mun san shi tun kaka da kakanni. Mutum guda ba ya murya ukku. In anka ga yarinya na sauya murya, malami na Allah aka nema, ba littafin rubutu ba. Mi za a rubuta ma wanda ba a gani? Allah shi ba ta lahiya.

Nas Runjin Sambo:
Amin Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ni ma'aikacin jinya ne a ɓangaren ƙwaƙwalwa, ba likita ba, kuma ban ga wannan baiwar Allah ba, don haka a kan larurar kanta zan yi magana.

Yaro ƙarami ba a haife shi da hankali a dunƙule ba. Yanayinsa na yunwa daban, na tsoro daban, na wasa daban, a hankali suke haɗuwa su zama mutum guda mai tuna jiya da yau. Idan a wannan shekarun ne aka riƙa gana masa azabar da ba ya iya guje mata, duka mai tsanani, ko lalata, ko tsoro kullum daga hannun wanda shi ne ke ba shi abinci, to haɗuwar nan ba ta kammala. Wani ɓangare ya riƙe tsoron, wani ya riƙe fushin, wani kuma ya tashi da safe ya tafi makaranta kamar ba abin da ya faru. Da haka yaron ya tsira. Matsalar ita ce ya girma, haɗarin ya wuce, katangun da suka raba ɓangarorin suna nan. Wani likita Bafaranshe, Pierre Janet, ya yi bayanin wannan rabewa tun 1889. Larurar tana cikin kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka tun 1980, tana kuma cikin kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022.

Yaya, amsar tambayarki ke nan. Ba a korar su domin ba baƙi ba ne, ba inda za su je. Ki ɗauka gida ne guda, tukunya guda, amma mazauna ba sa gaisawa: wannan ta ɗora miya ta sa gishiri ta fita, waccan ta shigo ta ƙara, ta uku ta zo ta sake ƙarawa. A rayuwar mai larurar, wannan gishirin shi ne magani da aka sha sau biyu a dare ɗaya, ko kuɗin da aka kashe ba a sani ba, ko alƙawarin da aka ɗauka aka wayi gari ba labari. Aikin littafin shi ne labari ya riƙa ƙetare katanga. Babu ƙwayar da ke warkar da rabewar kanta. Ana ba da magani don baƙin ciki ko rashin barci da ke tafe da ita, amma asalin jinyar zama ne da magana, kuma fahimtar juna tsakanin ɓangarorin na cikin abin da ake farawa da shi.

Hajiya Ƙofar Atiku:
To ɗana, in ita ce da kanta, don mi ba ta sani ba? Ni ban taɓa yin magana in manta ni niy yi ta ba.

Nas Runjin Sambo:
Hajiya, mantuwar ita ce larurar. Kuma ba iri ɗaya take ba ko a cikin mutum guda. Akan samu ɓangaren da ke ganin duk abin da ake yi, yana ji, amma wadda ke waje ba ta san da zamansa ba. Akan samu biyu da suka san juna suna gaba. Akan samu wanda bai san kowa ba, bai ma san shekaru sun shuɗe ba.

Baiwar Allah:
Salamu alaikum. Na roƙi shugabar zauren nan ta saka mani saƙona ba suna. Ina da wannan larura, ina ganin likita, ina da aure da yara, ina koyarwa. In kuka gan ni a hanya ba za ku ce komai ba.

Ina so Yayar Mabera ta san cewa maganar ciki ba kullum murya ba ce. Wani lokaci murya ce sosai, a cikin kai, ba daga waje ba. Amma sau da yawa tunani ne ke faɗo mani wanda na san ba nawa ba ne. Ko ina cikin yanka alayyafo, lafiya lau, sai tsoro ya rufe ni har wuƙar ta faɗi, ba abin da na gani. Ko hannuna ya ƙi buɗe wata ƙofa. Ko in ji kuka a maƙogwaro alhali ba abin da ke damuna. A da ina ce wa kaina hauka ne. Yanzu na san wata ce a ciki ke neman a ji ta, ba ta da wata hanya sai wannan.

Littafina na 'yan makaranta ne, ina ajiye shi a ƙasan akwati da biro a tsakiya. A shafin farko na rubuta: "Duk wadda ta ga wannan, nata ne. Ba zagi, ba yaga shafi. A sa kwanan wata." Ya daɗe ba kowa sai ni. Ran nan na buɗe na ga layi biyu da ajami, rubutun yara, haruffan a karkace, wai tana jin tsoron duhun banɗaki. Ni rabona da rubuta ajami tun makarantar allo. Jikina ya yi sanyi, na zauna a ƙasa. Da na dawo hayyacina na sayi ƙaramar tocila na rataye a ƙusa bakin banɗakin, na rubuta mata a ƙasan nata: "Ga fitila nan, taki ce." Tun daga nan firgitar dare ta ragu.

Wadda ta fi ba ni wuya mai zagin ce. Kalmominta sak na matar da ta azabtar da ni ina ƙarama: 'yar banza, rufe baki, wa zai yarda da ke. Na tsane ta, na yi ta addu'ar Allah ya kashe ta. Likitana ya ce in gwada tambayarta abu ɗaya kawai: me kike tsoron zai faru idan na yi magana? Amsar da na tarar, da manyan haruffa har biron ya huda takarda: "ZA A KASHE MU." Ashe ita tana can a wancan gidan har yanzu, tana rufe mani baki ne kafin a rufe mani da muciya. Ba mu zama ƙawaye ba, har gobe tana da zafi. Amma yanzu in za ni wurin likita nakan sanar da ita tun dare, in ce ga abin da zan faɗa, ga abin da ba zan taɓa ba tukuna, ta kan bar ni in tafi.

Yayar Mabera:
Allahu akbar. 'Yar'uwa, kin sa ni kuka. Ita ma tamu mai tsawar haka take, kuma mun san bakin wa take ara.

Malamin Gidan Igwai:
Assalamu alaikum. Ina karantarwa, kuma ana kawo mani marasa lafiya ina yi masu addu'a. Samuwar aljanu ba abin jayayya ba ne ga musulmi, sura guda ce da sunansu a Alƙur'ani. Amma imani da samuwarsu daban, yanke hukunci cewa wannan yarinyar aljani ne a jikinta daban. Na sha ganin wadda aka zane da bulala wai ana dukan aljani, gari ya waye ita ke kwance da shaida a baya. Wannan ba sunna ba ce, kuma in har maganar Nas gaskiya ce cewa duka ne ya haifar da ciwon, to an ƙara wa ciwo ciwo. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci bayin Allah da su nemi magani.

Sai dai ina da damuwa biyu, Nas. Ta farko, ku da me kuke rarrabewa? Ta biyu, ina tsoron a buɗe ƙofar da mutum zai yi ɓarna ya ce ba ni ba ne, na ciki ne.

Nas Runjin Sambo:
Allah ya gafarta Malam, ta biyun ta fi sauƙi. Ƙa'idar da masu jinyar wannan larura suke bi, wadda ƙungiyarsu ta duniya ta sabunta a 2011, ta ce mutumin gaba ɗayansa shi ke ɗauke da alhakin abin da kowane ɓangarensa ya yi. In wata ta ci bashi, duka ke biya. In wata ta zagi maƙwabciya, wadda ta farka ita za ta je ba da haƙuri. Wannan ma na cikin abin da ke tilasta masu zama su daidaita, don sun san abin da ya ci ɗaya ya ci sauran.

Ta farkon kuwa, asibiti ba ya yanke hukunci a kan gaibu, ba shi da ma'aunin wannan. Abin da likita ke yi shi ne ya fara kawar da abubuwan da ke kama da ita. Akwai farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum, sai dai ya yi shiru ko ya yi ta tafiya bai sani ba, ana gwajin ƙwaƙwalwa don ita. Akwai shaye-shaye, su tiramol da kodin. Akwai taɓin hankalin da ake kira sikizofireniya, wanda shi ma ana jin muryoyi. Wannan na ƙarshe shi ne aka fi ruɗewa da shi, kuma yana cikin dalilin da ya sa masu DID kan yi shekara 5 zuwa kusan 12 suna yawon asibiti kafin a gane ainihin abin da ke damunsu. Alamun da ke karkatar da likita su ne muryoyin sun fara tun yarinta, akwai na yara a cikinsu, sannan ga giɓin lokaci da mutum ba ya iya cikewa. Akwai takardar tambayoyi 28 da aka fitar a 1986 da ake tacewa da ita, amma ita kaɗai ba ta isa hukunci ba.

Kuma Malam, kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, bugun 2013, ya rubuta ƙarara cewa a wasu al'ummu larurar kan zo da siffar shiga jiki, mai ita ya ji kamar wani ne daga waje ya hau shi. Likitocin Turkiyya, ƙasar musulmi, sun yi rubutu sosai a kan marasa lafiyarsu da ke kiran ɓangarorinsu aljanu. Kundin ya kuma ware abin da al'ada ta shirya da gangan, irin hawan bori a wurin wasa, ya ce wannan ba shi ake nufi ba. Larura ita ce wadda ke zuwa ba a kira ta ba, tana ɓata wa mutum rayuwa. Ni ban taɓa ce wa kowa ya bar addu'a ba. Ko a nan Najeriya, Farfesa Lambo da ya kafa tsarin jinyar ƙauye a Aro ta Abeokuta a 1954 tare da masu maganin gargajiya ya yi aiki. Abin da nake roƙo a bari shi ne duka, da ɗauri, da shaƙa wa mutum hayaƙi har ya suma, da tsare yarinya ana mata tsawa "faɗi sunanka, daga ina kake". Wadda ta firgita za ta faɗi duk sunan da aka sa mata a baki.

Ɗalibin Likitanci:
Gafara dai manya, ni ɗalibi ne a jami'ar Ɗanfodiyo. Kada a ɗauka duk masana sun yarda da bayanin nan. Wani masani a Kanada, Nicholas Spanos, ya yi ta jayayya a shekarun 1990 cewa yawancin ɓangarorin nan masu jinya ne da finafinai ke koya wa mutane su, ba da gangan ba. Kuma a Holand, Rafaele Huntjens da abokan aikinta sun yi gwaji: a koya wa ɓangare ɗaya jerin kalmomi, a gwada wani ɓangaren da ya ce bai san komai ba, sai a tarar abin ya isa gare shi. To in haka ne, littafin nan ba zai ƙara raba ta ba? Kullum ana ce mata ke da wance da wance, ai sai ta ƙara yarda su mutane ne daban. Ga yaran TikTok nan kowa na ƙirga nasa ɓangarorin.

Nas Runjin Sambo:
Ƙanena, tambayarka a kan hanya take, kuma jayayyar ba ta mutu ba har yau. Haɗarin da ka faɗa gaskiya ne, shi ya sa ƙa'idar 2011 ɗin ta hana mai jinya ƙirƙiro wa mutum sababbin ɓangarori, ko raɗa suna ga wanda ba shi da shi, ko zuga su su ƙara bambanta da juna, ko fifita wani a kan wani. Ta kuma hana a ce wa mutum ya yi watsi da su ko ya rabu da su. Tsakanin nan ake tafiya. Bambancin yana ga inda maganar ta dosa. In littafin ya koma wurin zana wa kowa hoto da launin da ya fi so da ranar haihuwa, an kauce. In abin da ke ciki shi ne "na sha maganin dare, kada a ƙara", "gobe akwai asibiti ƙarfe 9", "wa ya ji tsoro ɗazu a kasuwa, me aka gani", to ana rage rabewa ne.

Gwajin Holand kuwa ni ƙarfafa mani gwiwa yake. Yana nuna ƙwaƙwalwa ɗaya ce, labarin na nan a ciki, abin da ya yanke shi ne mutum ya ji cewa nasa ne. Ba ya nufin ƙarya suke yi. Katanga mai ɓula ta fi saurin zama ƙofa.

Baiwar Allah:
Ɗalibi, wallahi da abin ado ne da ban ɓoye sunana ba. Yawancinmu ɓoyewa muke, har ga kanmu.

Yayar Mabera:
To ga wani abu. Kwanakin baya ta rubuta a ciki, "ku faɗa mani me ya same mu muna yara". Daren nan ba wanda ya runtsa. Ta yi ta amai, tana rawar jiki, tana cewa a rufe ƙofa yana zuwa. Shi ne Kawu ya ce kun gani ko. Sannan ni ya dace in riƙa karanta littafin don in san halin da take ciki?

Nas Runjin Sambo:
Yaya, wannan dole likitanta ya ji shi, kada a jira ranar da aka ba ta in akwai halin zuwa kafin nan. Jinyar hawa uku ce. Na farko tsaro da natsuwa: barci, abinci, daina cutar da kai, ɓangarori su san juna su daina faɗa. Na biyu ne ake taɓa abin da ya faru, kaɗan kaɗan, a gaban mai jinya. Na uku gyara rayuwa, aiki da zumunci. Hawa na farko kan ɗauki lokaci mai tsawo, wasu ma a nan suke tsayawa kuma su rayu lafiya. Tambayar da ta yi ta hawa na biyu ce, ta yi ta ita kaɗai da dare. Ɓangaren da ya riƙe abin shekara da shekaru ya ji an ce kawo, sai ya juye gaba ɗaya.

In haka ta sake faruwa, kada a taru a kanta, kada a riƙe ta da ƙarfi. Mutum ɗaya da ta yarda da shi ya zauna nesa kaɗan, a kunna fitila, a kira ta da murya ƙasa ƙasa, a gaya mata inda take da shekarar da ake ciki da cewa ta girma. A ba ta ruwan sanyi ta riƙe kofin, a ce ta faɗi abubuwan da take gani a ɗakin. Kuma ina so kowa a nan ya ji wannan da kyau: kundin 2013 ya ce sama da kashi 70 cikin 100 na masu larurar da ke zuwa asibiti sun taɓa yunƙurin kashe kansu. In ta ambaci mutuwa, ko kika ga yanka a jikinta, ko ta ce wata a ciki na barazanar kashe ta, a kwashe magunguna da wuƙaƙe da fiya-fiya daga kusa da ita, a kai ta asibiti a ranar. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, akwai kuma sashen a asibitin koyarwa na cikin garin Sakkwato.

Baiwar Allah:
Karatun littafi kuwa, Yaya, don Allah kada ki yi sai ta miƙo maki da hannunta. Waɗanda ke rubutu a ciki duk rayuwarsu ba su taɓa samun wurin da ba a leƙa ba. Ranar da suka gane wani ya karanta, za su yi shiru, kuma dawo da su aiki ne. In Kawu na barazana, ta koma wayarta mai makulli, ko ta riƙa barin littafin a wurinki a cikin jakar da ita ke riƙe da ɗan makullin.

Bayan rubutu akwai abin da muke yi bayan sallar isha'i. Likita ya koya mani in rufe ido in ƙaddara wani wuri da kowa zai iya zuwa. Ya ce asalin dabarar ta wani likitan Kanada ce, George Fraser, a 1991, shi tebur ya ce a ƙaddara. Ni tebur bai zauna mani ba, tabarma ce a ƙarƙashin dogon yaro. Nakan ce, ga abin da ya faru yau, ga abin da ke gobe, akwai mai magana? Sai in jira. Wata rana ba kowa, in ce to na gode, sai da safe. Ba a tilasta wa kowa zuwa, ba a tona tsohon zance a wurin. Abin da na samu da wannan shi ne yanzu ko wata ta matso gaba, ni ma ina nan ina gani, ba na ɓacewa kamar da. Likita ya ce wasu daga ƙarshe sukan haɗe su zama ɗaya, wasu kuma su tsaya a zaman lafiya da haɗin kai. Ban san inda za mu tsaya ba, ba kuma na gaggawa.

Hajiya Ƙofar Atiku:
Ni dai har yanzu raina bai kwanta da wagga hira da su ba. Amma abu guda ya tsaya mani. Kun ce sai an cuci yaro. To wa yac cuce ta? Ina manyan gidan sunka tai?

Yayar Mabera:
Hajiya, riƙo aka ba da ita tun ba ta iya wanke hannunta ba, a wajen gari. Ta dawo ba ta magana. Iyakar abin da zan iya faɗa a nan ke nan.

Malamin Gidan Igwai:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. To ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wani lokaci dangi sun fi son a ce aljani ne, domin aljani ba shi da gida a cikin zuri'a, ba a zuwa sunan 'ya'yansa. Ban ce haka Kawunku yake nufi ba, Allah ya san zuciyarsa. Amma amana ce aka ba wani ya ci, kuma yarinyar nan ba ita ya kamata ta ci gaba da biya ba. Ki lallashi Inna, uwa ce, tsoro ne ke damunta. In likitan zai yarda, ku tafi da ita ta ji daga bakinsa.

Ɗan Sabon Birni:
Ni abin da ad damuwata yaran da munka kwaso daga ƙauyukkanmu sabadda 'yan bindiga. Akwai ɗan ƙanena, an kashe ubanai gabanai. Sai shi zauna shi ƙura ido wuri guda, ka kira shi ba shi ji, in ya dawo bai san an yi ba. Shi ma wanga ciwo na?

Nas Runjin Sambo:
Allah ya jiƙan mahaifinsa, Baba. Ba zan iya cewa shi ne ba. Yaron da ya ga irin wannan kan riƙa ɗaukewa haka ba tare da ya kai ga DID ba, kuma akwai farfaɗiyar yara mai kama da hakan sak, don haka a kai shi a duba. Kafin nan kada a ba shi littafi, kada a tambaye shi ko akwai wasu a cikinsa, kada a sa shi maimaita labarin ga duk wanda ya zo gaisuwa. Ya samu mutum ɗaya da ba ya canzawa, da lokacin ci da na barci da ba sa canzawa.

Baiwar Allah:
Malam, ina da tambaya da na daɗe ina jin nauyin yi. Wani lokaci ina cikin sallah sai in ɗauke, in dawo ban san raka'a ta nawa nake ba. Yana yawan faruwa. Sai in yi ta sakewa har in gaji in yi kuka.

Malamin Gidan Igwai:
Malama, daina sakewa. Wanda shakka ta same shi jefi jefi, shi ne ke gini a kan abin da ya tabbatar, ya cika, ya yi ba'adi. Amma wanda shakka ta zame masa kullum, hukuncinsa a Ahalari da muka karanta tun muna yara shi ne ya watsar da ita, kada ya kawo abin da yake shakka a kai, ya yi sujada biyu bayan sallama. In kuwa kin farka kin tarar lokaci ya fita ba ki san an yi ko ba a yi ba, ki yi ta lokacin da kika tuna, ba laifi a kanki. Kuma tunda kuna da wurin da kuke barin wa juna saƙo, ku ƙara layin sallah a ciki, duk wadda ta idar ta sa alama.

Ɗalibin Likitanci:
Nas, in mutum ya je asibiti wa zai nema? Na san ba kowane likita ya saba da wannan ba.

Nas Runjin Sambo:
Likitan ƙwaƙwalwa ne zai fara gani don tantancewa, daga nan a roƙa a haɗa mutum da masanin halayyar ɗan Adam na asibiti, wanda ke zaman magana, a kuma tambaya kai tsaye ko ya saba aiki da waɗanda aka cutar suna yara. A tafi da duk katunan baya da kwalayen magungunan da aka taɓa sha, da wani ɗan gida da ya ga yadda abin ke faruwa, don mai larurar ba za ta iya ba da labarin lokacin da ba ta nan ba. A rubuta a takarda tun daga gida: yaushe ya fara, me ke tayar da shi, tsawon wane lokaci yake ɗauka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a yi masa bayanin jinyarsa a kuma rufa masa asiri, don haka kada a ji nauyin tambaya. In an canza likita, a nemi a rubuta wa sabon bayanin inda aka tsaya, kada a sa ta faro labarin daga farko.